Ƙin cin maki da durƙuson ƙarshen wasa a ƙwallon Amurka: dabara ce ko gudun fage?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin ƙwallon Amurka a wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da na sake kallon mintunan ƙarshe na wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL ta ƙwararrun Amurka, na watan Fabrairun 2023 a makon nan, sai na ga ya dace in kawo shi gabanku. Kansas City Chiefs da Philadelphia Eagles suna kunnen doki, 35 da 35, saura ƙasa da minti 2 a tashi. Aka miƙa wa Jerick McKinnon na Chiefs ƙwallo, hanya ta buɗe masa fetal, babu ko mutum ɗaya tsakaninsa da layin ci, amma sai ya zube ƙasa da gangan saura yadi 2. Daga nan Patrick Mahomes, jagoran harin Chiefs mai karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa, ya durƙusa da ƙwallo sau biyu agogo yana ta tafiya, sannan Harrison Butker ya buga bugun maki uku daga yadi 27, aka bar wa Eagles sakan 8 kacal, aka tashi 38 da 35.

Na hana idona barci tun daga ƙarfe 12:30 na dare domin in ga yadda za a kece raini har ƙarshe, sai na ga an rufe wasan da zaman jiran agogo. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Maki shida suna gabanka ka bar su, ka rataya wahalar shekara guda a ƙafar mutum ɗaya. Tambayata biyu ce. Idan ɗan wasa ya faɗi an ce ƙwallo ta mutu, me ya hana agogo tsayawa tare da ita? Sannan wannan abu da McKinnon ya yi, ƙwarewa za a kira shi ko gudun fage?

Alhaji Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin a nan ne yawancin sababbin masu kallo suke rikicewa, ni ma sai da na yi shekaru a Amurka kafin abin ya zauna mini. Mutuwar ƙwallo daban, tsayuwar agogo daban. Ƙwallo tana raye ne daga lokacin da ɗan tsakiya ya ɗaga ta daga ƙasa ya miƙa ta baya zuwa lokacin da yunƙurin ya ƙare, wanda sau da yawa bai wuce sakan biyar ko shida ba. Tana mutuwa idan an kayar da mai ɗauke da ita, ko an tare shi har ya kasa ci gaba, ko ya taka layin gefe, ko an jefa ta gaba ta faɗi ƙasa ba a cafe ba, ko an ci maki, ko kuma mai riƙe da ita ya sallama kansa ta hanyar durƙusawa ko sulalewa ƙasa. A gasar NFL, wanda ya faɗi ba tare da abokin hamayya ya taɓa shi ba yana iya miƙewa ya ci gaba da gudu, sai fa idan alƙali ya ga sallamawa ya yi. A wasan jami'o'i kuwa, da zarar gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare.

Cikin waɗannan hanyoyi ba duka ne suke tsayar da babban agogo ba. Jifan da ba a cafe ba yana tsayar da shi, haka cin maki, haka komawar ƙwallo hannun ɗaya ƙungiyar. Fita ta layin gefe ma yana tsayar da shi, sai dai a yawancin wasa na ɗan lokaci ne, da an ajiye ƙwallo a wurinta sai a sake tayar da shi. A minti 2 na ƙarshe kafin hutun rabin lokaci da minti 5 na ƙarshen wasa ne kawai yake tsayawa cak har sai an ɗaga ƙwallo. Wanda aka kayar a cikin fili kuwa, ƙwallonsa ta mutu amma agogo yana ci gaba da cin lokaci. A gefe guda akwai ƙaramin agogo mai sakan 40, wanda yake tilasta wa masu hari su ɗaga ƙwallo kafin ya ƙare. Kowace ƙungiya tana da dakatarwa uku, wato damar neman a tsayar da agogo, a kowane rabin wasa, sai kuma gargaɗin minti biyu wanda yake tsayar da agogo da kansa.

Ka ga ke nan abin da McKinnon ya zaɓa shi ne irin mutuwar da za ta bar agogo yana tafiya. Da ya shiga ya ci, agogo zai tsaya, a buga wa Eagles ƙwallo, jagoran harinsu Jalen Hurts ya samu fiye da minti ɗaya da rabi, alhali a ranar sau uku yana kutsawa gidan ci da ƙafarsa. Ka sake kallon faifan da kyau: 'yan Eagles da kansu suka buɗe masa hanya, domin shigarsa ita ce kaɗai abin da zai dawo musu da ƙwallo.

Malama Hadiza:
Alhaji ya yi bayani mai kyau, ni kuma zan ƙara da lissafi tunda shi nake koyarwa. Masu hari suna da yunƙuri huɗu domin su ci yadi goma su samu sabon jeri, wato akwai tazara uku a tsakaninsu, kowace tazara tana iya cin sakan 40, kowane durƙuso kuma yana cin kamar sakan 2. Saboda haka ƙungiyar da take gaba, idan ta samu sabon jerin yunƙuri bayan gargaɗin minti biyu kuma abokan hamayya ba su da dakatarwa, wasa ya ƙare ko da agogo yana nuna 1:59. Idan abokan hamayya suna da dakatarwa guda, abin da za a iya cinyewa ya sauko zuwa kamar minti 1 da sakan 25, idan biyu ne kamar sakan 45, idan uku ne kuwa durƙuso ba zai ci abin kirki ba. Kowace dakatarwa daidai take da sakan 40, shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga koci ya ƙona guda a zango na uku don kawai 'yan wasansa sun makara wajen jeruwa.

Shi wannan durƙuso, Malam Sanusi, hasara ce ta tabbatar da shi. A ranar 19 ga Nuwamba 1978 New York Giants suna gaban Eagles 17 da 12, saura kamar rabin minti, Eagles ba su da dakatarwa. Maimakon Joe Pisarcik, jagoran harin Giants, ya durƙusa, aka umarce shi ya miƙa wa Larry Csonka ƙwallo. Miƙawar ta lalace, ƙwallo ta faɗi tana raye, Herman Edwards na Eagles ya tsince ta ya yi gudun yadi 26 da ita, Eagles suka yi nasara 19 da 17. Washegari aka sallami Bob Gibson, mai tsara wa Giants hari. Tun daga nan ƙungiyoyi suka fito da jeri na musamman domin durƙuso, ana kewaye jagoran hari da masu kare shi, a ajiye mutum ɗaya can baya ko da ƙwallo za ta suɓuce.

Malam Sanusi:
Na gode, Alhaji, na gode, Malama. Tambaya ta farko ta samu amsa. Amma Malama, misalinki na wanda yake gaba ne, shi kuwa ba ni da ja a kansa. Chiefs ba su kasance a gaba ba, kunnen doki ake yi. Ina tuna muku watan Janairun 2016, lokacin da Blair Walsh na Minnesota Vikings ya ɓarar da bugu daga yadi 27, daidai nisan da Butker ya buga, Seattle Seahawks suka fitar da su 10 da 9. Bugun maki uku yana buƙatar hannun mai miƙawa da hannun mai riƙewa da ƙafar mai bugawa, kowane ɗayansu yana iya kuskure. Da Butker ya ɓarar, da yau wani labarin ake bayarwa game da McKinnon.

Abdulƙadir:
Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, ka ba ni dama in kawo abin da ya faru da waɗanda suka bi ra'ayinka. A watan Oktoban 2020 Atlanta Falcons suna bayan Detroit Lions 16 da 14, Lions ba su da dakatarwa, Falcons kuma suna dab da layin ci. Todd Gurley na Falcons ya yi ƙoƙarin tsayawa amma saurinsa ya kai shi kan layin, aka ba shi maki shida saura minti 1 da sakan 4. Matthew Stafford, jagoran harin Lions, ya karɓi ƙwallo ya ratsa yadi 75, ya jefa wa T.J. Hockenson daidai lokacin da agogo ya ƙare, Lions suka ci 23 da 22. A watan Satumban 2022 kuma Nick Chubb na Cleveland Browns ya shiga ya ci saura minti 1 da sakan 55, suka zama 30 da 17 a kan New York Jets waɗanda su ma dakatarwarsu ta ƙare. Jets suka ci sau biyu a cikin wannan ɗan lokaci, aka tashi 31 da 30. Da Chubb ya kwanta a cikin fili bayan ya wuce layin sabon jeri, durƙuso uku ne ya rage. Abin takaicin shi ne shi wannan Chubb ɗin, a 2020, ya taɓa fita da gangan saura yadi ɗaya a wasansu da Houston Texans, suka rufe wasan da durƙuso 10 da 7.

Saboda adalci zan kawo wanda yake goyon bayanka. A Super Bowl na Fabrairun 2012 New England Patriots sun buɗe wa Ahmad Bradshaw na Giants hanya, ya so tsayawa amma ya faɗa gidan ci da baya saura sakan 57, Tom Brady, jagoran harin Patriots, kuma bai iya ramawa ba, Giants suka ɗauki kofi 21 da 17. Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, yana cikin masu tsaron da suka riƙe wannan minti na ƙarshe. Sai dai ka lura, Malam, kuskuren Walsh har yau ana tuna shi ne saboda irinsa ba ya yawan faruwa, alhali ƙwararren jagoran hari da minti ɗaya da rabi a hannunsa abin tsoro ne a kowane mako.

Malam Isiyaku:
Ni a wurina maganar McKinnon ba ta da wata ƙura. Bai karya doka ba, bai yaudari alƙali ba, ya zaɓi inda zai tsaya ne kawai, kuma ya sadaukar da sunansa na wanda ya ci maki a wasan ƙarshe domin ƙungiyarsa. Inda nake son zauren nan ya duba shi ne masu aikata laifi da gangan domin su ci lokaci, domin a can ne nake ganin an ƙetare iyaka.

A watan Nuwamban 2016 Baltimore Ravens suna gaban Cincinnati Bengals da maki bakwai, saura sakan 11, suna yunƙuri na huɗu. Sai aka umarci duk masu kariya su rirriƙe abokan hamayyarsu a fili ƙarara, mai bugunsu Sam Koch ya yi ta jan ƙafa da ƙwallo a baya har lokaci ya ƙare, sannan ya fita ta bayan gidansu ya ba Bengals maki biyu, aka tashi 19 da 14. Alƙalai sun jefa ƙyallayensu na nuna laifi, amma doka ta ce laifin masu tsaro ne yake sa a ƙara yunƙuri bayan lokaci ya cika, na masu hari ba ya sa a ƙara. Sannan a watan Janairun 2020, a zagayen sili ɗaya ƙwale, Mike Vrabel, kocin Tennessee Titans a lokacin, yana gaban Patriots 14 da 13 saura minti shida da 'yan kai. Ya bar ƙaramin agogo ya ƙare da gangan, aka ci su tarar yadi 5, agogo ya sake tashi, ya sa ɗan wasansa ya motsa kafin a ɗaga ƙwallo, aka sake cin su tara, agogo ya sake tashi. Fiye da minti ɗaya da rabi ya salwanta ba a taɓa ƙwallo ba. Wannan ai ba wasa ba ne.

Alhaji Bashir:
Malam Isiyaku, na fahimci damuwarka, amma ina ganin laifin na masu rubuta doka ne. Abin da Vrabel ya yi, Bill Belichick, kocin Patriots a lokacin, shi ne ya fara yi wa Jets a watan Oktoban 2019, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa giɓi ne da ya kamata a toshe. Ba a toshe ba har aka yi masa da kansa. A lokacin, idan masu hari suka yi laifi ƙwallo tana mace kuma agogo yana tafiya, bayan an zartar da tara sai a sake tayar da agogon, matuƙar ba a shiga minti 5 na ƙarshe ba. Yadi 5 ba komai ba ne ga wanda zai sallama ƙwallo da bugu, har ma yana ƙara wa mai bugun fili. Kocin da aka ɗauka domin ya yi nasara, ya ga doka ta sayar da sakan 25 a kan yadi 5, me zai hana shi saye? A 2017 aka mayar da irin abin da Ravens suka yi laifi mai tarar yadi 15 tare da dawo da lokacin, a 2020 kuma aka toshe giɓin Vrabel.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe a nan, tsakanin laifin da ake yi ƙwallo tana mace da wanda ake yi tana raye. Na farko alƙali yana busa usur nan take, yunƙurin ba ya gudana, babu sakan ɗin da zai tafi a cikinsa. Na biyu kuwa ana barin yunƙurin ya gudana, sai bayan ya ƙare a yi hukunci, lokacin da ya tafi kuma ya tafi. A wancan wasan na 2012 da Abdulƙadir ya ambata, an kama Giants da mutum 12 a fili a harin Brady na ƙarshe, Patriots suka samu yadi 5 amma suka rasa wajen sakan 8. A shekarar NFL ta gyara, ta ce idan masu tsaro suka jeru da mutum 12 a busa kafin a ɗaga ƙwallo. Jami'o'i sun bar nasu giɓin a buɗe har watan Oktoban 2024, lokacin da Oregon take gaban Ohio State 32 da 31 saura sakan 10. Kocin Oregon Dan Lanning ya nemi dakatarwa, ya dawo da mutum 12, jifan Ohio State bai shiga hannu ba, sakan 4 suka tafi a kan yadi 5. A yunƙuri na gaba Will Howard, jagoran harin Ohio State, ya yi gudu ya sulale ƙasa, amma agogo ya riga shi. Cikin kwanaki kaɗan hukumar wasannin jami'o'i ta ba masu hari damar a dawo musu da lokacin a irin wannan hali.

Malama Hadiza:
Alhaji, a nan zan saɓa maka, tare da girmamawa. Tara an sanya ta ne domin ta hana aikata laifi, ba farashi ba ce da mai hali zai biya ya wuce. Wanda ya durƙusa yana amfani da abin da doka ta halatta masa. Wanda ya tura mutum na 12 yana sane ya aikata abin da doka ta hana, yana dogaro da cewa hukuncin bai kai girman ribar ba. Saurin da ake yi wajen gyara dokar duk lokacin da aka yi haka, shi kansa shaida ne cewa masu wasan ba su yarda abin yana cikin wasa ba.

Sai dai gyaran ma yana da nasa cutarwar, kuma ita ce ta fi damuna. Akwai dokar zabge sakan 10: a minti 2 na ƙarshe, idan masu hari suka yi laifin da ya tsayar da agogo mai tafiya, ana cire musu sakan 10, sai fa idan sun fanshe da dakatarwa. An yi ta ne domin kada wanda dakatarwarsa ta ƙare ya ƙirƙiri wata ta hanyar laifi, kuma wannan daidai ne. Amma an shimfiɗa ta har kan bitar faifan bidiyo. A watan Satumban 2017 Golden Tate na Lions ya cafe ƙwallo a bakin layin ci saura sakan 8, alƙalai suka ce ya ci, agogo ya tsaya. Da aka duba faifai sai aka ga gwiwarsa ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta kai layi. Tunda da an yi hukunci daidai tun farko agogo zai ci gaba da tafiya, sai aka zabge sakan 10 daga cikin 8, wasa ya ƙare, Falcons suka ci 30 da 26. Lions ba su yi laifin komai ba, alƙalai ne suka yi kuskure, amma su aka hana ko da gwada jeruwa a cikin sakan 8.

Abdulƙadir:
Anti Hadiza, shin sakan 8 za su isa kuwa? Ina tambaya ne saboda abin da ya samu Dallas Cowboys a watan Janairun 2022. Suna bayan San Francisco 49ers 23 da 17, saura sakan 14, babu dakatarwa, jagoran harinsu Dak Prescott ya yi gudun yadi 17 ta tsakiya ya sulale, da nufin su jeru ya fyaɗa ƙwallo da ƙasa agogo ya tsaya. Kafin ya fyaɗa lokaci ya cika. Na ji mutane da yawa suna ɗora wa alƙalin da ya yi karo da shi laifi.

Alhaji Bashir:
Ƙanena, alƙalin aikinsa yake yi. Matacciyar ƙwallo ba ta halatta a ɗaga ta sai alƙali ya taɓa ta ya tabbatar da wurinta. Prescott ya miƙa wa ɗan tsakiyarsu ƙwallon ya ajiye, maimakon ya nemi alƙali ya danƙa masa, don haka sai da alƙalin ya kutsa ta tsakanin manyan mutane ya gyara mata zama, sakan biyu ko uku da suke buƙata suka tafi a nan. Da ya sulale tun yana yadi 10 da fara gudu, da sun samu jifa ɗaya. Ita fyaɗawar kanta rangwame ce a doka, domin jefar da ƙwallo da gangan inda babu mai cafewa laifi ne, amma an yafe wa jagoran hari idan ya yi ta nan take bayan ya karɓa, a bakin yunƙuri guda da zai rasa. Kuma ƙwallo tana raye har sai ta taɓa ƙasa. Dan Marino na Miami Dolphins ya nuna haka a watan Nuwamban 1994, ya yi alamar zai fyaɗa, masu tsaron Jets suka saki jiki, ya jefa wa Mark Ingram, Miami Dolphins suka ci 28 da 24.

Game da Lions, Tate yana kwance ne a bakin layi, abokansa suna kusa, ba gudun yadi 17 za su yi ba. Ina ganin da ƙyar ne, amma Malama tana da gaskiya cewa ba a bar su sun gwada ba.

Malam Nura:
Malam Sanusi, ina zaune a Kanada, kuma ina jin tsarin nan zai fi kwanta maka a rai. A dokar da aka daɗe ana bi a gasar CFL ta Kanada, yunƙuri uku ne, ƙaramin agogo har zuwa 2025 sakan 20 ne, gargaɗin kuma na minti uku ne, bayansa agogo yana tsayawa a ƙarshen kowane yunƙuri har a ajiye ƙwallo. Wanda yake gaba ba zai iya cinye minti 2 da durƙuso ba, dole ya ci yadi goma da ƙarfinsa ko ya mayar da ƙwallo. Haka kuma idan agogo ya kai sifiri ƙwallo tana mace, sai an yi yunƙuri ɗaya na ƙarshe, saboda haka abin da ya samu Prescott ba zai faru a nan ba. Mutum na ƙari ma yana da tarihinsa a nan: a wasan ƙarshe na Grey Cup, kofin gasar CFL, na 2009 a Calgary, Damon Duval na Montreal ya ɓarar da bugun ƙarshe daga yadi 43, sai aka ga Saskatchewan suna da mutum 13 a maimakon 12. Aka matso da ƙwallo yadi 10, ya sake bugawa ta shiga, Montreal ta ci 28 da 27.

Malam Sanusi:
Malam Nura, lallai wannan tsari ya fi kusa da abin da zuciyata take so, domin yana tilasta wa mai rinjaye ya kare rinjayensa da wasa. A kan McKinnon na sauko daga inda na fara: a ƙarƙashin dokar da yake wasa da ita, abin da ya yi shi ne daidai, kuma Gurley da Chubb sun ishe ni hujja. Ƙorafina ya koma kan dokar da ta bar minti 2 na ƙarshen wasa mafi girma a shekara su tafi a durƙushe. A kan masu laifin ganganci kuwa ina tare da Malam Isiyaku da Malama Hadiza.

Amma ga wani abu da ya hana ni sakin jiki da lissafin nan gaba ɗaya. An ce an bar wa Eagles sakan 8 domin ba za su isa komai ba. To a watan Janairun 2022 Buffalo Bills sun wuce gaban Chiefs 36 da 33 saura sakan 13, Mahomes ya jefa wa Tyreek Hill aka ci yadi 19, ya jefa wa Travis Kelce aka ci yadi 25, Butker ya buga daga yadi 49 aka yi kunnen doki, Chiefs suka ci 42 da 36 a ƙarin lokaci. Ina lissafin ya shiga a nan?

Malama Hadiza:
Lissafin yana nan, Malam, Bills ne ba su bi shi ba. Chiefs suna da dakatarwarsu uku cif, saboda haka suna iya jifa ta tsakiyar fili su tsayar da agogo nan take, kowane yunƙuri ya ci musu sakan 5 kawai. Sannan a bugun farawa agogo ba ya tashi sai wani ya taɓa ƙwallo a cikin fili. Bills suka buga ta har cikin gidan ƙarshe, ta mutu a can, aka ajiye wa Chiefs ita a kan yadi 25 ba tare da ko sakan ɗaya ya tafi ba. Da sun buga ta gajere ta sauka a gaban layi, dole wani ya ɗauka, sakan 3 ko 4 su tafi, Mahomes ya rage da yunƙuri ɗaya mai kyau kafin bugu.

Alhaji Bashir:
Wannan ita ce maganar da aka fi yi bayan wasan, Malama, amma ban gamsu da ita gaba ɗaya ba. Wanda ya ɗauki gajeren bugu yana iya durƙusawa nan take ya kashe ƙwallon, sakan ɗaya ko biyu kawai su tafi, kuma idan bugun ya gaza nisa, a kan yadi 35 ko 40 za a ajiye ta, an rage wa Mahomes tafiya ke nan. Ni inda na fi ganin kuskuren Bills shi ne jerin masu tsaronsu. Sun ja da baya sosai suna gadin layin gefe, kamar suna wasa da ƙungiyar da ba ta da dakatarwa, alhali mai dakatarwa uku ba ya buƙatar layin gefe ko kaɗan. Ku sake duba jifan da aka yi wa Kelce, ku ƙirga yadi nawa ya yi ta tsakiya kafin wani ya kusance shi.